Inda Ƙanena Yake Zuwa Bayan Asuba

Mahaifiyarmu ce ta fara lura. Wata safiya ina shirin fita kasuwa ta kira ni ɗakinta, ta ce in turo ƙofa. A gidanmu na Bolori ba a turo ƙofar ɗakin Inna sai magana ta yi nauyi.

"Ƙanenka ya daina faɗa," ta ce.

Na ce ai alhamdu lillahi, abin da muka daɗe muna roƙo ke nan.

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. "Ban ce ya rage ba, cewa na yi ya daina. Kuma in an idar da sallar asuba ba ya shigowa gida sai rana ta fito. Ka san inda yake zuwa?"

Ban sani ba. Masallaci ɗaya muke salla, amma ni da an shafa addu'a nake komawa in ɗan kishingiɗa kafin lokacin kasuwa.

Ƙanen nan nawa mai walda ne, yana da shago a bakin titi, yana yin ƙofofi da tagogi. A lokacin ya haura talatin, bai yi aure ba. A shekarun tashin hankali an taɓa kwashe samarin layinmu wata rana da hantsi, har da shi. Ya yi watanni ba mu san inda yake ba. Da Allah ya dawo mana da shi, ya dawo a rame, bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga baya fushi ya fito. Ya taɓa maka kwanon miya da bango saboda ta huce. Ya taɓa shaƙe mai keke don ya fantsama masa ruwan kwata a wando. Masu kawo aiki suka riƙa kauce wa shagonsa. Ni ne babba, ni ne mai barin buhunan gero da wake a Kasuwar Litinin in je ba mutane haƙuri, har bakina ya saba.

Wanda bai zauna Maiduguri a waɗancan shekarun ba zai ce Inna ta cika neman magana. Mu kuwa mun ga yadda abin yake farawa. Saurayi mai hayaniya ya yi shiru, ya fara ladabi fiye da ƙima, ya samu wasu abokai da ba a san iyayensu ba, ya riƙa sammako. Wata rana a neme shi a rasa. Gari ya lafa yanzu, ana ciniki, ana biki, amma wannan tsoron bai bar gidaje ba. Inna ba ta ambaci sunan abin da take gudu ba, ni ma ban ambata ba.

Ran nan da yamma na same shi a tsakar gida yana wanke wasu takalman kambas da ban san yana da su ba.

"Ina kake zuwa da safe?"

"Motsa jiki nake yi, Yaya."

"A ina?"

"Nan baya."

"Kai da wa?"

"Da mutane."

Da can, tambaya ta biyu ma ba zan kai ba sai ya watsar da bokitin. Ran nan ya amsa duka, murya ƙasa, har da ɗan murmushi. Murmushin ne ya hana ni sukuni.

Washegari na bi shi. Ya zagaya bayan masallaci, ya cire jallabiya ya cusa a leda, ya ɗaura kambas, sai ya kama sassarfa. Ni ina sanye da silifas, ga tumbi. Kafin in kai kwana ta biyu ya ɓace mini, na tsaya ina haki a jikin katangar wasu mutane, wata tsohuwa mai shara tana kallona kamar ɓarawo. Sai a fita ta gaba na yi dabara, na riga shi barin masallaci, na je na jira a inda ya ɓace mini. A haka, kaɗan-kaɗan, na gano wurin.

Fili ne a bayan wata makarantar firamare, katangarsa ta zube ta gefe guda, itatuwan maina, wato dogon yaro, sun yi masa layi. Wani ya tara bulo a bakin filin zai yi gini, na laɓe a bayansu. Maza ne ba su da yawa, duk manya, babu wanda na sani sai ƙanena. A tsakiyarsu akwai wani dattijo gajere mai furfura, jikinsa a murɗe kamar na saurayi. Suka yi ta zagaya filin da gudu. Suka koma ɗaga wasu ƙarafa da aka zuba wa siminti a gwangwanaye, da ganin ɗinkin waldar na san hannun ƙanena ne. Sannan suka nufi wani buhun yashi da aka rataye a reshen maina, suna dukansa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙanena ya karɓa, har inda nake ina jin ƙarar naushin. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, wannan ai horo ne.

Abin da ya biyo baya ya fi tayar mini da hankali. Suka zauna a ƙasa ƙarƙashin itacen, kowa ya rufe ido, suka yi tsit. Na kasa kunne in ji abin da dattijon zai karanta musu, ban ji komai ba sai kukan kurciya da ƙarar keke daga titi. Suka daɗe a haka, har ƙafata ta yi sanyi. Daga nan suka tashi, suka yi musabaha, kowa ya kama gabansa.

Ban gaya wa Inna abin da na gani ba. Na ce mata gudu suke yi, ta ce, "Gudu zuwa ina?"

Na shiga binciken dattijon a kasuwa, a fakaice, kamar hira ce ta kawo. Wani mai albasa daga Gamboru ya ce ya san shi, tsohon malamin wasanni ne a makarantar sakandare, mutumin kudancin Borno. Wani dillalin masara ya ce ƙarya ne, tsohon soja ne. Wani ya ce 'ya'yansa maza sun salwanta a hanya, shi ya sa ba ya son zama a gida. Wani ya ce Kirista ne, wani kuma ya rantse sun yi sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda na tambaya sai ya ƙare da tasa tambayar: "Lafiya kake nemansa?" Na ga in na ci gaba, ni ne zan zama abin bincike.

Na je wajen limaminmu, na kewaya da maganar, na ce wani abokina ne yake tambaya ko ya halatta mutum ya zauna ya rufe ido ya yi shiru, ba salla ba, ba barci ba.

"Suna rusuna wa wani abu?"

Na ce a'a.

"Suna kiran wani suna da ba na Allah ba?"

Na ce ban ji ba.

"Ka ce abokinka ne, amma kai ne ba ka ji ba." Ya gyara zama. "Je ka ji tukuna, sai ka dawo."

Haka na sayi kambas na gwanjo, na fito fili wata safiya a tsakiyar zafin bazara, lokacin da tun kafin rana ta ɗaga riga take manne wa mutum a baya. Ƙanena ya hango ni ya tsaya cak.

"Yaya, me ya kawo ka?"

Na dafa cikina na ce, "Wannan."

Babu wanda ya yi dariya. Dattijon ya matso, muka gaisa, Hausarsa tana da ɗan karin mutanen kudu. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Kai ne mai tsayawa bayan bulo," ya ce.

Na ji kunya ta rufe ni, na ce ni ne.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Baba. Ƙanena ne wannan."

Ya dubi ƙanena, ƙanena ya gyaɗa kai. Ya sake ni ya ce, "To bismilla. In ka gaji ka yi tafiya, kada ka tsaya."

Ban gama zagaye ɗaya da gudu ba. Na ƙarasa da tafiya, ƙirjina kamar an hura gawayi. Da aka zo zama, dattijon ya yi mini bayani a taƙaice. Ya ce in zauna yadda gwiwata ta yarda, in ja numfashi ta hanci, in bi shi har ciki, in sake shi a hankali. Ya ce mai son zikiri ya yi a zuciyarsa, shi ba ruwansa da abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. In tunani ya zo, kada in yi kokawa da shi, in koma wajen numfashin. Na rufe ido ɗaya da rabi. Ta ƙasan gira nake leƙensu, ina jiran inda wa'azin zai ɓullo.

Washegari mutum biyu ba su zo ba. Rana ta gaba ma haka. A hanyar gida ƙanena ya tsaya, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka kore su, Yaya. Sun zaci an turo ka ne ka ɗauki sunaye. Ɗayansu tare muka..." Ya haɗiye sauran. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake shi, ya ci gaba da tafiya.

Gaskiya na ji daɗin ganin jijiyar nan. Na ce ashe ƙanena yana nan a ciki, ba a canza mini shi da wani ba. Sai dai zuciyata ta kawo wata: in ba su da abin ɓoyewa, me ya sa mutum biyu suka gudu? Daga baya na tuna cewa ni ma da baƙo zai zo ya tsaya bayan rumfata kwana da kwanaki yana kallo, da na kwashe kayana.

Na ci gaba da zuwa. Makonni suka wuce, wa'azi bai zo ba. Na ce wataƙila jira suke in gaji in daina. Na ƙi gajiya. A haka na fara gama zagaye ba tare da na tsaya ba, barcina ya yi nauyi, matata ta ce na rage cizon haƙora da nake yi cikin barci. Ban ma san ina yi ba. Ta ce shekaru ke nan ina yi, ita dai ta bar abin a ranta.

Buhun yashin kuwa ban taɓa shi ba. Kullum in layi ya zo kaina sai in matsa. Wata safiya dattijon ya miƙo mini tsumman da suke naɗewa a hannu.

Na ce, "Baba, ni ba ni da fushi. Ni ne mai ba da haƙuri a gidanmu."

"To taɓa shi da haƙurin."

Na naɗe hannu, na kai naushi a hankali don in fita kunyarsa. Na ƙara. Ban san a na nawa ba ne fuskar wani maƙwabcinmu ta zo mini. Mutum ne da muke gaisawa kullum, na je sunan 'ya'yansa, ya zo jana'izar mahaifinmu. Ranar da aka kwashe samari, an ce an gan shi tsaye kusa da motar da aka zuba su yana magana da masu kamun. Ban taɓa samun tabbaci ba, ban taɓa furta wa kowa ba. Shekara da shekaru ina ce masa ina kwana. Na yi ta dukan buhun har tsumman ya warware, fatar yatsuna ta saɓule, sai da ƙanena ya riƙe ni ta baya.

Da muka zauna ran nan, karo na farko na rufe ido duka biyu. Numfashin ya ƙi bin hanya, yana fita guntu-guntu. Na bi shi a haka. Can na ji muƙamuƙina ya saki, kamar na ajiye wani abu da na daɗe ina riƙe da shi da haƙora. Ban yafe wa maƙwabcin ba a zaman nan, ban kuma gano ko ya yi ko bai yi ba. Na dai tashi da yunwa, na ci ƙosai a hanya kamar wanda ya yi azumi.

A hanyar ce ƙanena ya yi mini maganar da bai taɓa yi ba.

"Gudun ba ya ba ni wahala, Yaya. Zaman ne. A can ba a miƙe ƙafa, mutum a jikin mutum. Da na fara zuwa nan, in na rufe ido sai in ji kamar an mayar da ni. Baba ya ce in zauna ido buɗe, in kalli itacen. Na daɗe a haka kafin in iya rufewa."

Ya karɓi ƙosai ɗaya daga takardar da ke hannuna.

Ba a jima ba aka aiko daga wajen bulama, mai unguwarmu, cewa yana neman masu taruwa a bayan makaranta. Wani ya kai rahoto ana horar da mutane a can. Muka je da la'asar. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, samarin sintiri na unguwa suna tsaye da gorori. Bulama ya yi ta magana da dattawan gefensa da Kanuri, ƙasa-ƙasa, ina tsintar kaɗan, sannan ya juyo da Hausa. Ya tambayi dattijon me suke yi, ya faɗa. Ya tambaye shi wa yake ba su umarni, ya ce babu. Ya tambaye shi buhun fa, na mene ne.

"Ranka ya daɗe, gara buhu da mutum."

Bulama bai yi murmushi ba. Ya juyo gare ni. Ya san mahaifinmu, ya san rumfata a kasuwa.

"Kai ɗan gida ne. Za ka tsaya wa mutumin nan?"

Kowa ya zuba mini ido. Ƙanena yana gefena, ina jin numfashinsa. Na so in ce na tsaya masa ɗari bisa ɗari, bakina ya ƙi. Har ran nan ban san gidan dattijon ba, ban san ko malami ne ko soja ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, cikinsa ban sani ba. Ni ma zargi ne ya kai ni wurin, na laɓe na kalla, daga baya na shiga. Tun da nake zuwa ban ji ya kira kowa zuwa ga komai ba. Gudu ne, da ɗaga ƙarfe, da zama shiru. Ƙanena kuma kun san yadda yake da, kun ga yadda yake yanzu. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ɗaya daga cikin samarin sintirin ya ce shi ma sauyin ƙanen nawa ne yake ba shi tsoro. Na ji ƙanena ya motsa, na dafa gwiwarsa. Bulama ya yanke cewa a sauke buhun, a dawo da taron gaban filin inda masu wucewa za su gani, kuma duk wanda ya ga dama cikin samarin ya je ya duba. Dattijon ya ce ya yarda.

Da muka taso na matsa kusa da shi, na ce ya yi haƙuri ban tsaya masa yadda ya kamata ba.

"Da ka ce ka san cikina, da na san maƙaryaci ne kai," ya ce. "Ni ma har yanzu ban gama sanin naka ba."

Wanda ya kai rahoton ban gano shi ba. Na zargi mai gadin makarantar, na zargi mai bulo, na zargi maƙwabcin nan namu. Har Inna na zarga, domin ranar da aka kira mu ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan. Na tambaye ta, ta ce in kwashe takalmana daga ƙofar ɗakinta suna wari. Wani saurayin sintiri ya zo ya tsaya mana da gorarsa na 'yan kwanaki, ya ga babu abin kallo, ya daina. Cikin mutum biyun da suka gudu, ɗaya ya dawo, amma bai taɓa zama kusa da ni ba.

Rashin buhun ya dame ni fiye da yadda na zata. Dattijon ya ce in mayar da abin cikin gudu, in fushi ya taso in ƙara sauri har ya ƙone. Yana yi wani lokaci, wani lokaci ba ya yi. Akwai safiyar da nake tashi daga zaman da haushin da na zo da shi, sai dai ya ɗan yi laushi.

Da damina ta kankama, wata rana da azahar wani alhaji ya zo rumfata a fusace. Ya ba ƙanena aikin ƙofar gida, aka samu saɓani a kan awo. Ya ce yana cikin yi masa faɗa, har ya kai ga ambaton iyaye, shi ma ya san ya wuce gona da iri, sai ƙanena ya kashe injin, ya ajiye abin walda a ƙasa, ya fita daga shagon ya miƙi titi da kayan aiki a jikinsa.

"Na tsaya ina jira ya dawo da ƙarfe ko da mutane," in ji alhajin. "Bai dawo ba. Anya ƙanen nan naka lafiya yake?"

Na ba shi kujera, na sa aka kawo masa ruwa mai sanyi. Na ce ya je gida, zan neme shi. Ni kaina hankalina bai kwanta ba, na kira wayar ƙanena ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na rufe rumfa da wuri.

Ana kiran magariba ya shigo gida, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya ce da ƙafa ya je unguwar Gamboru, ya zauna a bakin gada yana kallon ruwa, ya dawo da ƙafa. Ya zauna a kan turmi yana cire takalmi, fuskarsa a murtuke.

"Ka gaya masa zan gyara ƙofar, Yaya. Awon nasa ne ba daidai ba, amma zan gyara. Sai dai kada ya zo ya tsaya mini a ka. Ya aiko direbansa ran Asabar."

Na ce zan gaya masa. Ya ce a taimaka masa da ruwan zafi, ƙafafunsa sun yi tsami.